Shekarar da Ajin Malam Ɗantani Ya Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa noma a gonakin da ke kewaye da firamaren ƙauyensu, can bayan Yako, ya san muryar Malam Ɗantani tun kafin ya san fuskarsa. Da hantsi, mutum na sunkuye a kan fartanya, sai ya ji ta taso daga tagar aji uku, kakkaura, ba gaggawa: "Akuyar Musaddiq fara ce!" Yara su ɗauka gaba ɗaya har kwanon rufi ya amsa: "Akuyar Musaddiq fara ce!"

Da wannan amo mata a gidaje ke gane lokacin ɗora tukunyar rana ya yi. Da shi kuma mutanen ƙauyen ke auna makarantar. Ajin da ya yi tsit, a ce malaminsa ya zille ya tafi gona, ko yana gyangyaɗi a kan tebur. Ajin Malam Ɗantani bai taɓa yin tsit ba. Ko a wajen ɗaurin aure aka haɗu sai ka ji ana cewa, "Ai yaranmu na hannun Malam. Daga nan muke jin karatunsu."

Ɗan manoma ne. Shi aka fara kaiwa boko a gidansu, ba don mahaifinsa na so ba, sai don mai unguwa ya ce kowane gida ya ba da yaro guda. Ya yi makarantar horon malamai, ya koyar a Doguwa, ya koyar a Tudun Wada, sannan aka dawo da shi gida, aka ba shi aji uku, ya tsufa a cikinsa. Yadda aka koya masa haka ya koyar: malami ya faɗa, yara su bi. Dama yara sun fi ƙarfin benci, littafi kuma guda ne, yana hannunsa. Idan ƙarshen zango ya zo sai ya kira su ɗaya ɗaya, ya buɗe shafi ya ce, "Karanta." Wanda ya zubo shi tiryan-tiryan ya cinye maki. Wanda ya tsaya yana inda-inda a rage masa. Bai taɓa ƙara wa ɗan mai hali ba, bai taɓa tauye ɗan talaka ba, kuma da wannan yake kwana da kwanciyar rai.

Ɗansa na fari, Mujitaba, bai yi nisa a boko ba. Gyaran babur ya koya, ya kafa rumfa a bakin kasuwar Ƙafin Maiyaki. Malam bai taɓa kiran sunansa da baki ba, ɗan fari ne, sai dai "yaron nan". Amma ranar da aka buɗe rumfar shi da kansa ya samo guntun kwano da shuɗin fenti ya rubuta masa sunan da sana'ar, aka kafa a jikin ginshiƙi. Da Mujitaba ya samu 'ya mace aka sa mata Rufaida, ya ɗauko ta ya ajiye a gaban mahaifinsa yana dariya.

"Malam, ni dai na guje maka na kama sufana. Wannan kuwa sai ka koya mata karatu da kanka."

Ba a daɗe da yaye ta ba zazzaɓi ya kwantar da Mujitaba, bai tashi ba. Bayan takaba uwar ta koma gidansu, daga baya ta yi aure a Bebeji, yarinyar ta zauna wajen Malam da matarsa Luba. Daga ranar "yaron nan" ya koma "marigayi". Idan Malam ya je Ƙafin Maiyaki sai ya zaga ta layin 'yan hatsi, don kada ya bi ta gaban rumfar.

Shekarar da zai yi ritaya ita ce shekarar da Rufaida ta shigo aji uku. Shi yana ganin Allah ne ya tsara haka, ya sauke abin da aka ɗora masa kafin ya ajiye alli. Kullum tare suke fita, ita a bayan babur tana riƙe da rigarsa tana tsokanarsa.

"Tsoho, yau ma akuyar nan za mu yi? Ita ba ta mutuwa ne?"

"Ke da ba ki da haƙoran gaba kike kiran wani tsoho?"

"Nawa za su fito. Naka fa?"

A zangon farko ita ta zo ta ɗaya, kuma ba wanda ya ce son kai ne, don kowa ya ji yadda take zubo shafi ba tuntuɓe. Luba ta yi mata dambu har aka miƙa wa maƙwabta.

Zafi ya fara ke nan, a zango na biyu, wata mota ta tsaya a bakin makarantar. Hedimasta Ukasha, wanda shi ma a hannun Malam ya yi aji uku, ya shigo da wata matashiya mai jaka a kafaɗa. Ya ce sunanta Shamsiyya, daga wata jami'a a Kano take. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Ina kwana, Baba? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya ƙalau, 'yata. Duba mu aka zo yi?"

"A'a, Baba, bincike ne. So muke mu ga makin da ake ba yara da abin da suka iya, ko tare suke tafiya. Ba ma rubuta sunan yaro, ba ma rubuta na malami."

"To ai da sauƙi. Bari in tashe su ki ji."

"Da za ka yi mini alfarma, ɗaya ɗaya nake so. Can gindin darbejiya."

Ya ce to, ransa ko ɗar. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiyar da ke daf da tagar ajin, ta fito da wasu katuna masu ɗan gajeren labari da hoto a sama. Malam ya ba yara aikin kwafa daga allo, ya jingina da taga yana jiran ya ji abin da ya saba ji.

Da aka zo kan Rufaida ta zauna ta gyara hijabi, ta karɓi katin. Hoton akuya ne a samansa. Ta yi masa kallo ɗaya, ta ɗaga kai ta fara: "Akuyar Musaddiq fara ce. Tana da 'ya'ya biyu." Sai ta ɗan yi gyaran murya, ta ja kalmar: "Kuuullum da safe Musaddiq yana ba ta harawa."

Wannan gyaran muryar na Malam ne. A daidai wurin nan yake yin sa duk shekara, don numfashinsa a nan yake ƙarewa. Jan kalmar ma nasa ne. Daga inda yake tsaye yana hango katin, kuma babu Musaddiq a cikinsa.

"Madalla," in ji Shamsiyya a hankali. "To nuna mini da yatsa inda aka rubuta akuya."

Yatsan ya yi ta yawo a kan katin, ya hau layi ya sauko, ya koma kan hoton ya tsaya. Rufaida ta waiwayo wajen taga. Malam ya ja da baya cikin aji.

Bai so ya sake leƙawa ba, amma wata siririyar murya ta dawo da shi. Bahijja ce, 'yar rugar da ke tsallaken rafi, wadda ya sa can kusa da ƙarshe a zangon farko saboda inda-inda. Ba ta da gurbi a benci, a ƙasa take zama daf da allo tana bin alli da ido.

"A... ku... ya ta shi... ga lam... bu."

Haka ta yi ta jan sa, tana tsayawa, tana komawa baya, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Da ta kai ƙarshe sai ta rufe baki ta ƙyalƙyale da dariya.

"Me ya ba ki dariya?" in ji Shamsiyya.

"Mai lambun ne. Ya bi ta da gudu ya faɗa cikin taɓo."

Bayan an tashi yara Malam ya sami Shamsiyya tana naɗe tabarma.

"'Yata, kada ki ji nauyina. Nawa ne suka karanta?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba su cika yatsun hannu biyu ba, Baba. Kuma ba lalle waɗanda ke sama a sakamako ba ne. Amma ba ajinka kaɗai ba ne, mun ga irin haka a wasu wuraren da muka zaga."

"Wasu wuraren ba su dame ni ba. Masu inda-indar nan da nake rage wa maki, ashe su ne ke kallon rubutun?"

Ta ci gaba da naɗe tabarmar.

"To me ake yi?"

"Ni aunawa na iya, Baba, ban kai ka sanin aji ba. Amma inda muka tarar abin da sauƙi, malamin kan zauna da yaro ya saurare shi, a kan rubutun da yaron bai taɓa ji a bakin kowa ba."

Da la'asar Luba ta kawo masa fura ya ture ta gefe. Ta tsaya tana kallonsa.

"Lafiya, Malam?"

"Yarinyar nan ba ta iya karatu ba."

"Wace yarinya? Wadda ta zo ta ɗaya?"

"Ni ta iya, Luba. Ni take karantawa, har da tarina."

Hutun ƙarshen zangon a tsakar gida ya yi shi, da almakashi da kwalayen taliya da ya roƙo a shagunan Yako. Ya yanka su ƙanana, ya rubuta baƙi a wannan, gaɓa a wancan, ya ƙirƙiri 'yan labarai na layi uku uku da ba su cikin kowane littafi. Da aka koma, ruwa ya sauka, ya raba ajin gida-gida a kan abin da kowa ya iya. Waɗanda ba su san baƙaƙe ba wuri guda, masu haɗa gaɓa wuri guda, 'yan kaɗan ɗin da ke iya jan layi su zauna da na ƙasa da su. Shi kuma ya riƙa bi yana durƙusawa da gwiwoyinsa masu ciwo, yana kara kunne.

Rufaida ta ga inda aka ajiye ta, ta miƙe tsaye.

"Ni da na zo ta ɗaya za a haɗa ni da 'yan abacada?"

"Zauna."

Ta zauna tana hawaye. Rannan ba ta hau babur ba, da ƙafa ta koma gida.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne rufe bakinsa. Mutumin da ya shekara talatin da ɗoriya yana faɗa ana bi, yau ga yaro a gabansa yana fama da kalmar da ke kan harshensa, kuma dole ya haɗiye ta. A gida ma haka. Bayan la'asar ya sa Rufaida a gaba da guntun kwali, ta yi ta kai-kawo a kan gaɓa guda. Luba na tankaɗe a gefe har ta kasa daurewa.

"Haba Malam, ka faɗa mata mana. Ka ga yarinya na wahala."

"In na faɗa sau ɗaya ta ɗauke, shi ke nan na yi asarar kalmar. Kunnenta ya fi idonta sauri."

A waje kuwa magana ta fara yawo. Lokacin noma ne, kowa na gona, kowa na jin ajin da ke tashi da wanda ba ya tashi. Wata mata ta bar tuwonta ya makara ta ce laifin Malam ne. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce tun da 'yar Kanon nan ta zo ya karaya. Wata rana Hedimasta Ukasha ya tsaya a ƙofar ajin yana murza hula.

"Malam, mutane fa na magana. Wai tun da damina ta faɗi ba a jin aji uku. Har ana cewa ka fara hutun ritaya tun yanzu."

"Na ji."

"Da ka ɗan tashe su da safe, ko kaɗan ne, mutanen gona su ji, sai ka koma kan kwalayenka."

Malam ya dafa benci ya miƙe. "Ukasha, kai ma a nan ka zauna, wajen tagar can. Na nawa kake zuwa?"

"Na biyu, wani lokaci na uku."

"A ina ka iya karatu?"

Hedimasta ya dubi ƙasa.

"Gaskiya, Malam, sai da na shiga sakandare. Aka ba ni takarda in karanta, aka yi mini dariya. Daga nan na dage."

"Ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Ta yaya zan faɗa maka, Malam?"

Malam ya gyaɗa kai. "Lokacin da ya rage mini a nan kaɗan ne. Ba ni da wanda zan ba mutanen gona." Ya koma ya durƙusa.

Jarabawar ƙarshen shekara da sabon labari ya yi ta, wanda ba yaron da ya taɓa ji. Da yawa sun motsa daga inda suke. Rufaida ta san baƙaƙenta yanzu, tana haɗa gaɓa, amma da ta kai tsakiyar layi na biyu sai tsoro ya kama ta, ta dubi bakinsa tana jira. Bakin bai buɗe ba. Ta ajiye kwalin ta fita.

Ana gobe ba da hutu Luba ta same shi a zaure.

"Malam, marainiya ce. A gaban mutane za a kira. Ko ba ta ɗaya ba, ka ɗan ɗaga ta."

"Karatu marigayi ya ce in koya mata. Bai ce in ba ta ɗaya ba."

"To ka koya mata ɗin?"

"Ban sani ba, Luba. Kuma daga gobe ba ni da aji."

Washegari aka jera yara a fili, iyaye na tsaye a inuwa. Da aka kira Bahijja ta ɗaya a aji uku sai da wurin ya ɗau guna-guni, ita kanta ta tsaya tana waige ko wata Bahijjar ake nufi. Sunan Rufaida bai fito ba sai can ƙasan tsakiya. Aka yi wa Malam addu'ar bankwana, aka ba shi darduma da buta, mutane suka tafa ba ƙarfi.

Daga ranar Rufaida ta daina ce masa Tsoho. "Malam, ga ruwa." "Malam, an ce ka zo ka ci abinci." Kamar a makaranta. Kwalayen na nan a cikin wata tsohuwar ƙwarya a ɗakin Luba. Wani lokaci yakan tarar an taɓa su, bai tambaya ba.

Masara ta kai gwiwa ya shirya zuwa Ƙafin Maiyaki sayen taki. Luba ta ce ya tafi da yarinyar ta zaɓo takalmi, ta kuma yi masa wani kallo da ya gane. Suka hau babur. Ba rigarsa ta riƙe ba, ƙarfen baya ta riƙe.

Suna shiga bakin kasuwa tayar baya ta sace. Ya sauka ya duba hagu da dama. Mai gyara mafi kusa yana nan gabansa, a rumfar da ya yi shekaru yana kauce wa. Bai yi aune ba mai rumfar ya taso da sauri yana goge hannu a jikin riga. Uzairu ne, abokin aikin marigayi, wanda ya ci gaba da riƙe wurin.

"Baba! Yau kai ne a nan? Sannu da zuwa, sannu da zuwa. Ina Inna? Kawo shi, faci ne, yanzu za a gama."

Ya jawo masa benci. Malam ya zauna ya ba ginshiƙin baya, ya zuba wa titi ido. Uzairu ya kwance taya yana tsoma tib a ruwa yana neman inda ke kumfa. Motocin Kano na lodi, wani na tallan rake.

Sai ya ji murya a bayansa, ƙasa-ƙasa, ba da shi take ba.

"Mu... ji..."

Ta tsaya. Fentin ya koɗe, tsatsa ta ci gefen kwanon. Uzairu ya ɗago kai ya buɗe baki zai ƙarasa mata, Malam ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba. Shi kansa ko ya so ba kalmar da zai iya faɗa ba ce. Ba ta taɓa jin ta a bakinsa ba, ba kuma za ta ji ba.

"Mu... ji... ta... ba. Mai gya... gya... ran ba... bur."

Da ya juyo ya tarar ta rufe baki da hannu biyu, idanunta a waje, don sai da sunan ya fita sannan ta ji abin da ta faɗa.

"Sunan Babana ne," ta ce ta cikin yatsu.

"Shi ne."

"Nan ne wajensa?"

"Nan ne."

Ta sake ɗaga kai ta daɗe tana kallon kwanon. Uzairu ya sunkuya kan tib ɗinsa, ya yi ta goge wurin da ya riga ya goge.

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

Ta ja hanci, ta goge ido da gefen hijabi. "Tsoho, ai layinka ya karkace. Dubi yadda ya gangara ƙasa."

Malam ya so ya ba ta amsa irin ta da, muryar nan da ake ji daga gonaki ta ƙi fita. Ya matsa ya ba ta wuri a kan bencin, wannan karon fuskarsa na kallon ginshiƙin.

"Sake karanta mini."

"Sunansa ne fa."

"Karatu ne, ba kiran suna ba. Sake, a hankali. Ban ji sosai ba."

Ta sa yatsa a iska tana bin baƙaƙen, ta fara daga farko.